Katakon Hawan Mussar Inna

Ni kafinta ne. Rumfata tana Tudun Wada a Gusau, a nan ƙuruciyata ta ƙare tsakanin zarto da guduma. Karatuna bai wuce firamare da na allo ba, saboda haka duk wanda ya ga rubutun nan ya karkace sai ya yi haƙuri. Na zauna rubuta shi ne don na gaji da yadda mutane ke yi idan na ba su labarin da baki. Sai su yi murmushi su ce, yanzu duk wannan a kan kyanwa? Tambayar tana ƙona mini rai, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni na fara yin ta.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Wanda bai tashi a irin gidajenmu na ƙauyen Bungudu ba zai ɗauka ƙiyayya ce, amma kunya ce. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta zama hira da ni. In tana son in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata, ki faɗa wa wancan tuwonsa na hucewa. Da na girma na fara samun abin hannuna, in na kai mata atamfa ko buhun gero, godiyar ma ta bakin wani take zuwa. Roƙo kuwa babu shi sam. Na haura shekara arba'in ba ta taɓa buɗe baki ta ce in yi mata kaza ba.

Damina uku da suka wuce ɗakinta ya faɗi. Baba ya daɗe da rasuwa, ita kaɗai ce a sashen. Allah ya sa tana tsakar gida tana tankaɗe lokacin da bangon ya zube. Mussarta ce a ciki, haka muke kiran kyanwa a wajenmu, ginin ya danne mata ƙafar baya. Ta rayu, amma tun daga ranar take jan ƙafar. Da ma ta tsufa, gashinta ya yi toka-toka, haƙoranta sun zube.

Na ce Inna ta dawo wurina Gusau. Ƙanwata da ke aure a Tsafe ita ma ta nema, amma na ce ni ne babba, ni ke da ɗakin siminti. Aka bar mini. Kuma kafin ta zo na yi mata gado da hannuna.

A kan gadon nan laifina ya fara, don ba Inna na yi wa shi ba. Na yi shi ne don idon dangi. Na ba shi ƙafafu masu tsayi irin waɗanda Alhazai ke so, na sa masa allon kai mai madubi, na ɗora katifa mai kauri wadda in ka zauna ƙafarka ba ta taɓa ƙasa. Ina aikin ina jin muryar mutanen Bungudu a kunnena suna cewa ku je ku ga inda ɗan Inna ya ajiye ta. Ban tsaya na tuna tsohuwa ce gajera mai ciwon gwiwa ba, wadda duk rayuwarta a kan gadon kara take kwana, wanda tsayinsa bai kai taƙi biyu ba.

Ta iso da ƙullin kayanta da kwando a rufe da zane. Da aka buɗe kwandon mussar ta fito tana ɗingishi a kan tayil ɗina. Tun a ranar raina ya ɓaci.

Inna ta hau gadon da taimakon kujerar tsuguno da matata ta ajiye mata. Mussar kuwa ta kasa. A Bungudu a ƙafafun Inna take kwana, tun rasuwar Baba. A nan sai ta tsaya a gindin gado ta ɗaga kai tana kuka, ta yunƙura, ƙafar ta ƙi, ta faɗo. Sai Inna ta sauko a kan kujerar, ta duƙa, ta ɗauke ta, ta ɗora ta, ta sake hawa. In mussar ta sauka shan ruwa a sake. Matata ta ce a yini ɗaya takan yi haka ya fi sau goma, tana riƙe da gwiwa.

Ni abin da nake gani daban ne. Gashi nake gani a kan sabon zanin gado. Sannan akwai kushin a falona wanda na yi da yadi mai tsada, nakan kawo masu saye su gani su zaɓi irinsa. Shi gajere ne, mussar na iya hawa. Wata rana na shigo da wani Alhaji da matarsa za su aurar da ɗiya, muka tarar da ita a miƙe a tsakiyar kushin, ta ja zare biyu da farce. Hajiyar ta toshe hanci da gyale. Da suka fita na cire takalmi na jefi mussar, na same ta a ƙafar nan mai ciwo. Ta yi ƙara ta shige ɗakin Inna. Na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce dabba wurinta ƙasa, ban yi kujera da gado don dabba ba.

Saƙon farko ta bakin matata ya zo. Ta ce Inna na cewa ko za a rage wa gadon ƙafa, in kuma ba zai yiwu ba, a samo katako ɗaya a jingina a gefe don mussar ta riƙa takawa tana hawa da kanta. Na ce gadon da na kwashe sati biyu ina yi zan sa wa zarto saboda kyanwa? Matata ta ce to katakon fa. Na ce ta fita daga idona.

Saƙo na biyu daga Tsafe ya zo, ƙanwata ta kira ni a waya. Ta ce Yaya, katako ɗaya ne fa, guntayen da kuke hura wuta da su ma sun isa. Na ce mata in tana da kafinta a Tsafe ta sa shi. Ta ce ai kafintan gidanmu ɗaya ne, shi ne yake jin ya fi ƙarfin uwarsa. Na kashe wayar.

Sai na yi wautar da na fi jin haushinta. Na kai maganar rumfa don a taya ni. Abokan aikina suka samu abin yi na sati guda. In na shigo sai wani ya ce ga kafintan mussa nan, a ba shi hanya. Mai walda da ke maƙwabtaka da mu ya ce akuyarsa na son sif mai ƙofa uku, ko zan zo in auna ta. Wani ya ce in na gama in yi wa zakaransa kujerar ofis. Ina dariya tare da su, amma duk haushin a kan Inna yake sauka, kamar ita ta aiko su. Yau in na tuna fuskokinsu ina jin haushinsu, amma su ba uwarsu ba ce. Ni na ɗauki maganar ɗakin uwata na shimfiɗa a bakin titi.

Har wurin limamin unguwarmu na je bayan la'asar, ina so ya ce mini kyanwa a kan shimfiɗar da ake salla kusa da ita ƙazanta ce, in koma gida da hujja. Ya ce kyanwa ba najasa ba ce, ko ruwan da ta sha ana alwala da shi. Sannan ya tambaye ni aikin katakon zai ci minti nawa. Na ce ba maganar minti ba ce, Malam. Ya ce to maganar mene ne. Na yi masa sallama na tafi ina cewa a raina malaman yanzu ba su san darajar sana'a ba.

Wata safiya ina fito da babur, sai na ga Inna a bakin ƙofar ɗakinta. Ba ta saba fitowa in ina tsakar gida ba. Ta juya fuskarta wajen randa, ta ja mayafi ta rufe rabin baki, ta yi magana a hankali.

"Kai, kafinta. Ka taimake ni da katako guda. Gwiwata ta gaza."

Matata da ke wanke-wanke ta tsaya cak da kwano a hannu. Ita ta gane abin da ya faru. Matar da ta haife ni ta yi mini magana baki da baki, ta roƙe ni, karo na farko tun da ta haife ni. Ban san kwana nawa ta yi tana tara ƙarfin faɗin kalmomin nan ba. Ni kuwa abin da na ji shi ne an ƙure ni a gaban matata. Na ce to, na ji, da irin muryar da nake amsa wa mai saye da ya dame ni. Na buga babur na fita.

Na yi katakon a ranar, cikin fushi, kuma na yi shi yadda kafinta mai girman kai zai yi. Na ce tunda katako ake so za a ga katako. Na zaɓi mai kyau, na goge shi da sanfefa har ya yi sulɓi kamar faranti, na shafa masa banish hawa uku don ya dace da launin gadon. Na yanke shi gajere don kada ya tare ɗaki ya ɓata tsarin da na yi, saboda haka da aka jingina shi sai ya miƙe tsaye kamar tsani. Duk wanda ya taɓa ganin kyanwa na hawa bishiya ya san da farce take kamawa. Ni ma na sani. Hannuna ne ya saba, duk abin da zai fita daga rumfata sai ya yi ƙyalli, kuma ban tsaya tunanin wanda zai taka shi ba.

Bayan kwana biyu da ya bushe na kawo shi na dangwara a gefen gado. Inna ta ɗora mussar a gindinsa. Ta taka ɗaya, ta taka biyu, farcenta ya yi ƙara a kan banish, ta sulalo ta faɗi a kan ƙafar mai ciwo. Aka sake, ta sake sulalowa. A karo na uku ta ƙi ko kusantarsa. Na yi dariya. Allah ya gani na yi dariya, na ce to ga katako nan, sai a koya mata hawa.

Washegari matata ta ce Inna na cewa in da za a buga masa tsohon buhun algarara, mussar za ta samu abin kamawa. Na ce aikin da na shafa wa banish hawa uku ne za a lulluɓe da buhun gyaɗa? Ba da ƙusata ba. Da na dawo da yamma na tarar Inna ta naɗe katakon da tsohon zanenta, ta ɗaure da igiyar rama a wuri uku, ta sa bulo a ƙarƙashi don ya ɗan kwanta. Mussar tana kan gado, ta hau da kanta. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe guduma ba ta gyara aikina da tsumma. Maimakon in ji kunya sai na ji an zage ni. Na tsinke igiyar, na yaye zanen na jefar, na saɓa katakon a kafaɗa na mayar da shi rumfa. Na ce in ba a son aikina yadda na yi shi, a bar shi.

Inna ba ta aiko da saƙo ba. Ta sauko daga gadon gaba ɗaya. Ta shimfiɗa tabarma a kan tayil a gefensa, ta koma kwana a nan ita da mussarta. Matata ta roƙe ta, ta kawo mata ƙaramar katifar yara, ta ce tabarmar ta ishe ta. Na sani, kuma na yi kamar ban sani ba. Na ce in sanyin tayil ya ratsa ta za ta koma da kanta. Sati uku uwata na kwance a ƙasa a gidana, ina wucewa ta ƙofarta safe da yamma ina gaishe ta daga waje.

Sai ga dangi daga Bungudu, mata biyar da ƙanen Baba, sun zo duba ta. Mutanen da na yi gadon dominsu. Suka shiga suka tarar da gado a gyare ba ko lotsawa, Inna a ƙasa da mussa a cinya. Ƙanen Baba ya fito ya same ni a zaure, ya tambaye ni ko gadon na sayarwa ne aka ajiye a ɗakinta.

Da suka tafi ban ko jira ƙurar motarsu ta kwanta ba. Na tsaya a ƙofar Inna, na ɗaga labule, abin da ban taɓa yi ba. Na ce ta kunyata ni da gangan. Na ce na yi mata abin da ba a taɓa yi wa wata tsohuwa a ƙauyenmu ba, ta zaɓi dabba a kaina. Sannan na faɗi maganar da har yau nake jin ɗacinta a harshena.

"Nan gidana ne. A gidana dabba ba ta hawa gado, kuma gobe sai na sa ta a buhu an kai ta bayan gari."

Inna ba ta dube ni ba. Ta shafa bayan mussar, ta ce wa matata da ke tsaye a bayana, "Ki ce mishi na ji. Gidanshi ne."

Ban kai ga neman buhu ba. Da hantsi ina rumfa matata ta kira ni ta ce mijin ƙanwata ya zo da motarsa, Inna ta ɗaure kayanta. Direba ne, yana jigila tsakanin Tsafe da Gusau. Na ce a bar ta ta je ta huce, kwana nawa za ta yi a ɗakin da ko silin babu. Ban je na yi mata sallama ba. Ina tsaye ina buga wa wani teburin shayi ƙusa lokacin da uwata ta bar gidana.

Wata ɗaya na yi ina jiran a kira ni a ba ni haƙuri. Da ba a kira ba na je Tsafe da ledar lemo, ina shirin in yafe musu. Na shiga ɗakin da aka ba ta. Gadon ƙarfe ne tsoho, an ɗaure ƙafa ɗaya da waya. A gefensa an jingina wani dogon katako da aka ciro daga bodin mota, baƙi ƙirin da man inji, an buga masa buhun algarara da ƙusoshi a karkace, wasu ma an lanƙwasa su don sun ƙi shiga. Ƙanwata ta ce mijinta ya buga shi da dutse a madadin guduma a ranar da suka iso, kafin ruwan shayi ya tafasa. Ina zaune mussar ta shigo tana jan ƙafa, ta bi katakon a hankali har sama, ta kwanta a ƙafafun Inna. Inna ba ta ko motsa ba.

A nan fushin da na zo da shi ya juyo kaina, kuma bai bar ni ba har yau. Na durƙusa na nemi gafara. Na ce ta dawo, zan yanke ƙafar gadon, zan ƙone shi in ta so. Ta ce wa ƙanwata ta faɗa mini ta yafe duniya da lahira, kuma nan ma gida ne, in gaishe da yara.

Masu tambayata ko irin katakon nan na da amfani, yana da shi. Dabbar da ta tsufa ko ta ji ciwo tana buƙatarsa, kuma mai ita ya fi ta buƙata. A yi shi dogo don ya kwanta, kada a goge shi, a buga masa buhu ko guntun kafet, a jera ƙananan sanduna a gicciye. Na san wannan sarai yanzu, don bara wata Hajiya ta tsayar da mota a rumfata ta nuna mini hoto a waya, tana son irinsa don kyanwarta. Na ce an gama, ranki ya daɗe. Na je har gidanta na auna kujerar, na tambayi shekarun kyanwar. Ba wanda ya yi dariya a rumfa, mai waldan ma shi ya riƙe mini katakon ina yanka. Na dawo gida ranar na kasa cin abinci. Baƙuwa mai mota na yi wa a yini ɗaya da fara'a.

Mussar ta mutu da bazarar da ta wuce. Na ɗauka shi ke nan, abin da ya raba mu ya kau. Na sake zuwa, na kai ƙanen Baba ya roƙa mini. Amsar ba ta canja ba, ta yafe, kuma tana nan inda take.

Yanzu duk sati biyu nakan hau mota zuwa Tsafe da jakar kayan aiki. Ina shiga ina dube-dube ko zan ga abin da ya karye. Zuwan da na yi na ƙarshe na tarar ƙyauren ɗakinta ya saki, yana jan ƙasa, sai ta ɗaga shi da hannu biyu kafin ya rufu. Na yi maza na buɗe jaka. Sai na ji ta ce wa ƙanwata a faɗa wa baƙo kada ya wahalar da kansa, ta riga ta yi wa direba magana.

Na mayar da gudumata cikin jaka. Na zauna a tabarma har ya dawo daga tasha, ya ɗauko dutse da ƙusoshi uku masu tsatsa, ya buga ƙyauren a karkace. Inna ta sa masa albarka da bakinta. Ni na riƙe masa ƙyauren yana bugawa.